Bayan An Sa Ƙarfe: Waya Tsakanin Asibiti da Gida

 Aikin sauya gaɓa tiyata ce da ake yi wa ƙugu ko gwiwar da ta lalace. Likita yana yanke bakin ƙashin da ya cinye. Sai ya maye gurbinsa da ƙarfe da wata roba mai tauri. Shi ne abin da mutane ke cewa an sa wa wane ƙarfe. Aikin kansa bai cika wuce awa 2 ba. Zaman asibiti 'yan kwanaki ne. Amma warkewa watanni take ɗauka, kuma a gida take faruwa. A riƙe wannan magana, domin ita ce ginshiƙin sharhin: a asibiti ake sa ƙarfe, a gida ake koyon tafiya. Waya kuwa ita ce igiyar da za ta iya haɗa gidan da asibitin.

To, bari a fara da ita kanta gaɓar. Ƙugu kamar turmi da taɓarya yake. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin kwatangwalo. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Haka gwiwa ma take da nata guringuntsin. Idan ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ɗan'uwansa. Daga nan sai zogi, sai kumburi, sai ɗingishi. Tsufa yana kawo haka. Ƙiba tana kawo haka. Tsohon rauni ma yana kawo haka, ko da na shekaru masu yawa ne. A ƙauyuka ana kiransa ciwon sanyi, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har mutum ya kasa zuwa masallaci.

Akwai kuma wani dalili da ya fi shafar ƙasar Hausa fiye da ƙasashen Turai. Shi ne amosanin jini, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Jinin mai sikila yakan toshe ƙananan jijiyoyin da ke shayar da kan ƙashin cinya. Idan jini ya daina zuwa, ƙashin ya mutu, ya lotse. Shi ya sa a nan ake ganin saurayi ko budurwa da ba su kai shekara 30 ba suna neman sabon ƙugu. Sai kuma tsofaffi da ke zamewa a banɗaki ko a bakin rijiya, wuyan ƙashin cinya ya karye. Irin wannan karaya ba ta cika jin ɗori ba.

Wanda ya kafa tsarin aikin ƙugu na zamani wani likita ne ɗan Ingila, Sir John Charnley, a asibitin Wrightington. Tarihinsa yana da amfani ga batunmu. Da farko ya yi amfani da wata roba mai suna Teflon. Marasa lafiya suka miƙe, suka yi murna, suka koma gida. Ba a daɗe ba robar ta cinye a jikin ɗaruruwan mutane, dole aka sake yi musu aiki. A 1962 ya koma ga wata robar mai juriya, wadda danginta ake amfani da su har yau. Abin da ya nuna masa kuskurensa shi ne bibiya. Bai bar majinyatansa sun ɓace masa ba bayan sallama. Tun daga tushe, ke nan, aikin gaɓa da bibiya tare suka taso.

Yanzu kuma mu dawo gida, kudancin Jigawa. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da ciwon gaɓa ya kwantar, yakan fara da ƙaramin asibitin garinsu. Daga nan sai babban asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Wasu kuma su nufi Dutse. Mai neman manyan likitocin ƙashi yakan miƙa Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Masu hali suna tafiya har Masar ko Indiya. Daga Birnin Kudu zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ta Kwanar Huguma da Wudil. Mutumin Sara ko Basirka ko Fagam, tasa tafiyar ta fi haka. Kafin ya kai kwalta ma, wataƙila sai ya hau babur. Mai sabon ƙugu kuwa, ware ƙafa a kan babur cikin gargada haɗari ne a gare shi. Ga kuɗin mota na mutum 2, domin majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai. Ga damina, lokacin da hanya ke yankewa, kuma kowa yana gona. A haka ranar komawa ganin likita takan wuce. Ba sakaci ne ke kawo haka ba a kullum. Sau da yawa nisa ne da rashin abin hannu.

To, me ake so gida ya yi a makonnin farko bayan sallama? Nan ne ya kamata a tsaya a natsu.

Abu na farko motsi ne. A al'adarmu, wanda aka yi wa aiki kwanciya ake sa shi. Ana kawo masa kunu da farfesu, ana hana shi ko ɗaga buta. Ƙauna ce, babu shakka. Amma sabuwar gaɓa ba ta son haka. A asibiti ma, ranar aiki ko washegari ake tayar da mutum ya taka, yana dogara da sanda ko ƙarfen dogarawa mai ƙafa 4. Gwiwa musamman tana da ƙa'idar lokaci. Naman da ke kewaye da ita yana warkewa da tabo, tabo kuwa yana ɗaurewa. Idan ba a lanƙwasa ta kullum a miƙe ta kullum ba, cikin makonni 6 zuwa 12 sai ta sandare. Ana so ta lanƙwashe aƙalla kamar yadda take yi idan mutum ya zauna a kujera. Ana kuma so ta miƙe sambal. Shi ya sa masu gashin ƙashi ke hana cusa matashi ƙarƙashin gwiwa. Yana da daɗi a lokacin, amma yana barin ƙafa a tanƙware. Gwiwar da ta sandare, wani lokaci sai an sake sa wa mutum maganin barci an lanƙwasa ta da ƙarfi.

Motsi yana da wani amfanin kuma. Jinin ƙafar da ba ta motsi yakan daskare a cikin jijiya. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma wannan yana iya kisa farat ɗaya. Don haka ake ba da maganin tsinka jini na wasu makonni. Don haka kuma ake cewa majinyaci ya riƙa kaɗa tafin ƙafarsa sama da ƙasa ko yana kwance.

Abu na biyu ciwon ne, wato wurin ɗinki. Ana cire zare bayan kamar mako 2. Kafin nan ana so wurin ya zauna a bushe, a rufe, da tsabta. Ƙwayar cuta tana son ƙarfe. Idan ta samu shiga, sai ta manne masa, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Idan an gano da wuri, cikin makonnin farko, likita yana iya buɗewa ya wanke ya bar ƙarfen. Idan an makara, sai an cire ƙarfen gaba ɗaya, a yi jinya, a sake sa wani. Kuɗi ninki, wahala ninki. Ga kuma inda ake yawan tuntuɓe a yankinmu. Duk zazzaɓi a wurinmu ɗaukarsa ake yi na cizon sauro ne. Sai a aika yaro kemis ya sayo magani, a ƙara da 'yan kafso. Kafson zai rufe alamar na 'yan kwanaki. Zai kuma ɓata gwajin da likita zai yi don gane irin ƙwayar. Zazzaɓin wanda aka sa wa ƙarfe, likitansa ya kamata ya fara ji.

A nan, jama'a masu sauraro, waya ta shigo. A ƙasashen da suka yi nisa, ana ɗora wa majinyaci manhaja tun kafin aiki. Tana tuna masa lokacin magani. Tana nuna masa bidiyon motsa jiki. Tana tambayarsa yadda zogi yake yau. A 2018 kamfanin Zimmer Biomet na Amurka, mai ƙera gaɓoɓin ƙarfe, ya haɗa hannu da Apple suka fito da wata manhaja da ke aiki da agogon hannu. Agogon yana ƙirga takun majinyaci, yana aika wa likita. Kafin nan, a lardin Kubek na ƙasar Kanada, an yi wani bincike da aka wallafa a 2015. Mutum kimanin 200 ne da aka sauya wa gwiwa. Aka raba su gida biyu. Wasu mai gashi yana zuwa har gida. Wasu kuma yana koya musu ta bidiyo daga nesa. Da aka auna bayan watanni, na bidiyon ba su gaza na ido da ido ba. Lokacin korona kuma, a 2020, da aka rufe hanyoyi har da na Kano, asibitocin duniya da yawa sun koma duba marasa lafiya ta waya, dole ta sa.

Amma fa agogon Apple ba shi ne zancen Gwaram ba. Abin da ya yi aiki a waɗancan wurare, idan aka tace shi, abu ne mai sauƙi. Majinyaci ya san abin da zai yi yau. Wani ya tuna masa. Wani ya ga yadda ya yi. Idan matsala ta taso, wani ya ji da wuri. Duk waɗannan, wayar da ke aljihun ɗan gidan za ta iya ɗauka. Tun 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta ratsa har rugage. Manomi yana jin farashin riɗi a kasuwar Sara ta waya. Ana tura kuɗi ta waya. Ana sanar da rasuwa da ɗaurin aure ta waya. Jinya ma za ta iya bin wannan hanyar.

A ɗauki misali. Ga dattijuwa an sauya mata gwiwa, kwana 10 ke nan, tana gida a wani ƙauye bayan Gwaram. Da hantsi jikarta ta fito da ita inuwar ɗaki. Ta zaunar da ita a kujerar roba. Tsohuwa ta ja tafin ƙafarta baya a hankali, tana cije leɓe, har inda za ta iya. Jikar ta durƙusa ta gefe, ta ɗauki hoton ƙafar daga cinya zuwa idon sawu. Sai ta ɗauki na wurin ɗinkin, cikin hasken rana, ba cikin duhun ɗaki ba. Sannan ta danna ta yi magana: Hajiya ta taka daga ɗaki zuwa zaure sau 3, ta sha magani, jikinta ba zafi, amma ƙafar takan kumbura da yamma. Ta tura. Mai gashi a asibiti ya ajiye hoton yau kusa da na makon jiya. Idonsa zai gaya masa ko gwiwa tana ci gaba ko ta tsaya. Ya mayar da amsa da muryarsa, da Hausa: Sannu Hajiya, an yi ƙoƙari, a ƙara ja kaɗan, a ɗaga ƙafar sama da yamma. Wannan sannun ma magani ce. Mai jinya da ya san ana kallon ƙoƙarinsa ba ya saurin karaya.

A lura, saƙon murya ne aka tura, ba rubutu ba. Wannan yana da muhimmanci. Takardar sallama da Turanci ake rubuta ta. Tsofaffi da yawa ajami suke karantawa, wasu kuma ba sa karatu. Wasu gidajen ma Fulatanci ne harshensu. Murya kuwa kowa yana ji. Ana iya sake kunna ta sau 10. Haka ɗan gajeren bidiyon motsa jiki. Idan aka tura shi cikin waya tun a asibiti, ba ya buƙatar data ko sabis kafin a kalla. Wanda ba shi da babbar waya, ƙaramar ma ta isa a kira shi ranar da aka tsayar, a yi masa tambayoyi.

Akwai tambayoyin da waya ta fi dacewa da su, domin sai an koma gida suke tasowa. Yaya za a yi da masai na tsuguno? Mai sabon ƙugu ana hana shi tsuguno da harɗe ƙafa da zama a wuri mai ƙasa-ƙasa na wasu makonni, don kada ƙugun ya goce. Tsawon lokacin ya danganta da yadda likita ya yi aikin, shi ne zai faɗa. Kafinta yana iya huda kujera a ɗora ta kan masai. Yaya za a yi da kwanciya a tabarma? Gado mai ɗan tudu ake so. Yaya za a yi da salla? Wannan ita ce ta fi damun dattawa. Malamai sun yi bayani cewa wanda ba ya iya tsayuwa ko sujada ya yi salla a zaune. Kujera a masallaci ba abin kunya ba ce. Sai batun gashi da ruwan zafi, wanda mata suka saba da shi. Kada a kai shi kan ɗinki. Don rage kumburi, ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora na ɗan lokaci. Amma mai sikila ya tambaya tukuna, domin sanyi yana tayar masa da ciwo. Shi abin da ake ta nanata masa shi ne shan ruwa da yawa, musamman da bazara. Ga kuma mai ɗori da wanzami. Suna da mutunci a cikin al'umma. Amma gaɓar da ke da ƙarfe ba a ja, ba a murzawa, ba a yi mata tsaga ko ƙaho. Idan maƙwabci ya kawo shawara, a kira a tambaya kafin a aikata.

Sai dai, 'yan'uwa, akwai wani hanzari ba gudu ba. Waya tana da iyaka. Ba ta da hannu. Ba ta cire zare, ba ta ɗibar jini, ba ta ɗaukar hoton ƙashi. Hoto kuma yana iya ruɗi, domin jan fata bai cika fitowa sosai a baƙar fata ba. Akwai alamomin da ba a jiran amsar saƙo a kansu. Ciwo ya fara zubar da ruwa ko mugunya. Zazzaɓi da rawar sanyi. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi. Numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗaure. Ƙugu ya yi ƙara, ƙafa ta gajarce ko ta juye, mutum ya kasa takawa. Idan aka ga ɗaya daga ciki, a nemi mota a nufi asibiti mafi kusa, a yi kiran a hanya.

Iyaka ta biyu ita ce wanda ke ɗaya ɓangaren. Lambar da ba a ɗauka ta fi rashin lamba ciwo, domin tana sa a yi ta jira. Likitocin ƙashi da masu gashi ba su da yawa, kuma aiki ya yi musu yawa. Ba adalci ba ne a bar wannan nauyi a kan wayar likita ta kansa da katin aljihunsa. Kamata ya yi asibiti ya ware layi, ya sa ma'aikaci a kai, ya tsayar da lokacin amsawa. Abin da aka faɗa a waya a rubuta shi a katin majinyaci. Kuma a haɗa da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin garin. Shi ne zai zama hannun likita, ya wanke ciwo, ya auna zafin jiki, ya cire zare bisa umarni. Wanda aka yi wa aiki a Masar ko Indiya ya fi kowa buƙatar haka. Saƙon WhatsApp zuwa Alƙahira ba zai cire masa mugunya ba. Dole ya sami likita a nan gida da ya san da zamansa, ya kuma riƙe takardun aikinsa.

Iyaka ta uku sirri ne, musamman na mata. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce ko ta ɗa. Ɗinkin ƙugu kuwa a wurin da ake suturtawa yake. Sai a nemi yardar mai jikin kafin a ɗauka. Mace ta ɗauki na mace, a rufe ko'ina sai bakin ciwon, ban da fuska. A tura wa ma'aikacin da aka amince da shi kaɗai. Kada ya shiga zauren 'yan'uwa na WhatsApp da sunan neman addu'a. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta yi a 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa. A kuma yi hattara, domin wayar da ke kawo muryar likita ita ce ke kawo tallar masu maganin sanyi a Facebook da TikTok. Wanda ya ce maganinsa zai mayar da guringuntsin da ya cinye, kuɗi yake nema.

Ƙarfen nan yana daɗewa idan an kula. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna cewa kimanin gwiwa 8 cikin 10 suna kai shekara 25, ƙugu kuma kusan 6 cikin 10. Ga dattijo, wannan yana iya isar sa. Ga matashi mai sikila, akwai yiwuwar a sake aiki wata rana. Don haka bibiyarsa ba ta ƙarewa da cire zare. Kira ɗaya a shekara, da hoton ƙashi idan likita ya nema, yana iya gano ƙarfen da ya fara kwancewa tun bai ci ƙashi ba.

Jama'a masu sauraro a Birnin Kudu da Gwaram da kewaye, duk wanda ke da majinyaci da za a sa wa ƙarfe, ga abin da za a yi ranar sallama. Kada a bar asibiti sai an karɓi lambar da za a kira, da lokacin da ake ɗauka. A zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai riƙe wayar, ya riƙe cajinta. A roƙi mai gashi ya nuna motsa jikin a gabansa, a ɗauka a bidiyo. A sa ranar komawa a waya yadda za ta yi ƙara. A asibiti ake sa ƙarfe, a gida ake koyon tafiya. Masu jinya, sannunku da ɗawainiya. Waɗanda ke kwance, Allah ya ba ku lafiya, ya sa kaffara ne.